Kiwon Murjani Mai Ƙashi a Ƙaramin Tanki: Jagora Ga Mazaunin Accra

Kafin ka sayi gilashi ko fitila, sayi ma'aunin zafi. Ka cika bokiti da ruwa, ka ajiye shi daidai inda kake son tankin ya zauna, ka jefa ma'aunin a ciki, ka riƙa dubawa da asuba, da la'asar, da bayan isha'i, har mako guda. Lambar da ka gani ita za ta gaya maka ko wannan aiki zai yiwu a ɗakinka, da kuma kuɗin da zai ci.

Yawancin bayanan da za ka samu a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, masu fama da sanyi, shi ya sa hita ke kan gaba a jerin kayansu. Mu a Nima, Mamobi, Madina ko Sabon Zango, abokan gabarmu biyu ne: zafi da ɗaukewar wuta. Wanda ya shirya wa waɗannan biyu ya ci rabin aikin, sauran kuwa natsuwa ce da rashin yawan taɓa ruwa.

Mataki na farko: zafi

Murjani dabba ce. Kowane reshe ko dunƙule da ka gani tarin ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu, suna zaune a kan ƙashin da suka gina da kansu daga kalsiyam da kabonet na ruwan teku. A cikin namansu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da haske ta haɗa abinci, murjanin ya ci daga ciki. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, zaman nan yana lalacewa, murjanin ya kori gansakukar, ya koma fari fat, yunwa ta fara cinsa. Abin da ya faru ke nan a tekunan duniya a 1998, ya kuma sake faruwa a babban tsaunin murjani na gabashin Ostireliya a 2016. A teku ƙarin digiri ɗaya kan zafin da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. To ina ga lita ɗari a ɗakin da aka rufa da kwano?

Abin da ake nema shi ne digiri 25 zuwa 26. Zai jure 27, har 28 idan bai daɗe ba. Daga 29 zuwa sama ka shiga hatsari. A Accra kuwa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ruwan da aka ajiye a ɗaki ba wuya ya kai 30, kuma fitila da injinan tankin za su ƙara nasu a kai.

Hanyoyin sanyaya ruwa uku ne. Mafi arha ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan. Tana iya sauke digiri ɗaya ko biyu, amma iskar bakin teku cike take da laima, don haka fanka ba ta aiki a nan kamar yadda take yi a Tamale ko Kano. Ta biyu ita ce injin sanyaya ruwan tanki, wanda ke aiki irin na firji. Yana da tsada, yana cin wuta, kuma yana fitar da zafi a ɗakin, sai ka ba shi wurin shaƙar iska. Ta uku ita ce ɗakin da esi ke aiki dare da rana. Idan bokitinka ya nuna 28 ko ƙasa, fanka na iya riƙe ka. Idan ya nuna 30, ka sa kuɗin injin sanyaya ruwa a lissafi tun yanzu, ko ka haƙura da murjani ka yi kiwon kifi zalla. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mutanen Kumasi sun ɗan fi mu sauƙi da dare, har a hunturu asubarsu kan yi sanyin da ƙaramin hita zai yi amfani. Amma ranarsu ma ba wasa ba ce, su ma su gwada bokitin.

Kada tanki ya zauna kusa da taga mai shigo da rana, ko jikin bangon da rana ke dukansa da yamma.

Mataki na biyu: wuta

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan tsakanin 2012 da 2016 ya san dumso, kuma har yau ba a rasa ɗaukewar wuta. Abin da ya kamata ka gane shi ne ba duhu ke kashe tanki ba. Murjani zai yi kwana biyu ko uku ba fitila bai damu ba. Tsayawar ruwa ce ke kashewa. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriya duk ita suke zuƙa. Ruwa ya tsaya cik na wasu awanni, za ka ga kifi sun taso sama suna haki.

Saboda haka abin da za ka tanadar wa batir shi ne injin kaɗa ruwa da fanka, ba fitila ba. Ƙaramin injin kaɗa ruwa bai wuce wat 5 zuwa 10 ba, batir na inbata madaidaici zai riƙe shi fiye da kwana guda cikin sauƙi. Ka kuma ajiye ɗan injin hura kumfa mai aiki da batir ko fawa-bank a aljihun tebur. Idan duk suka ƙare, kofi ya rage: ka ɗebi ruwan tankin ka kwararo shi daga sama, sau da yawa, bayan kowane kwata na awa. Aiki ne mai gajiyarwa, amma yana ceton tanki.

Gorunan roba biyu ko uku cike da ruwa mai tsabta su zauna a firiza kullum. Wuta ta tafi da rana, sai ka jefa ɗaya cikin tankin a rufe, kana duba ma'auni don kada zafin ya faɗi gaba ɗaya. Ka sa wa injinanka na'urar kariya irin wadda ake sa wa firji, saboda yadda wuta kan dawo da ƙarfi. Soket ya zauna sama da ƙasa, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa maimakon ya bi ta. Ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji, ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka makunnin da ke katse wuta idan ta zuba. Mai mita ta kati kuma kada ya bari kuɗinsa ya ƙare yana wurin aiki.

Mataki na uku: tanki da kayansa

Ƙaramin tanki ya fi babba wuyar riƙo, domin kome ya canja a cikinsa nan take yake canjawa. Kada ka sauka ƙasa da lita 60, kuma ni lita 100 nake ba mutum shawara. Tsawon santimita 60, faɗin 45, tsayin 40 zai ba ka kusan lita 108. Mai yankan gilashi na iya haɗa maka da gilashi mai kaurin milimita 8, sharaɗin dai silikon ɗin ya zama wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, don irin na banɗaki guba ne. Idan an cika shi da ruwa da duwatsu nauyinsa zai kusa kilo 150, sai kafinta ya san da haka, kuma teburin ya zauna daidai ba karkata.

Bayan tankin kana bukatar fitilar LED da aka yi don murjani, mai rinjayen shuɗin haske, wadda ake iya rage ƙarfinta. Sai injin kaɗa ruwa da zai juya ruwan tankin sau 20 ko fiye a awa. Sai na'urar auna gishiri ta hangen ido, da kayan gwajin amoniya, naitirait, naitiret, fosfet, alkaliniti (wato yawan kabonet da baikabonet da ke cikin ruwa), kalsiyam da magnesiyam. Injin tace kumfa, wanda ke fitar da dattin ruwa ta hanyar kumfa, yana da amfani amma a tanki irin wannan, mai kifi biyu, canjin ruwa na mako-mako na iya maye gurbinsa.

Mataki na huɗu: ruwa

A nan ne mutanenmu suka fi son yanke hanya, ga teku kusa da gida. Kada ka ɗebi ruwa a Jamestown ko Labadi. Duk wanda ya ga abin da kogin Odaw ke zubawa a tafkin Korle, daga nan ya wuce teku, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yashin bakin teku ma ka bar shi inda yake.

Ruwan famfo, ko daga Weija ya zo ko daga Kpong, an tace shi ne don ɗan Adam ya sha. Yana ɗauke da kilorin da sauran narkakkun abubuwa da ba sa cutar da kai amma suna ciyar da gansakuka ko su ƙona murjani. Ruwan rijiyar burtsatse ya fi shi muni a wannan fanni. Fiya-wata kuma kowane kamfani da irin nasa. Mafita ita ce ƙaramar matatar RO mai haɗe da matatar DI, wato matatun da ke cire narkakkun abubuwa daga ruwa, da ɗan ma'aunin TDS irin na aljihu, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan da za ka yi amfani da shi ya nuna sifili, ko 1 in ya yi yawa. Tunda famfo ba kullum yake zuwa ba, ka tace ka tara a jarkoki masu murfi waɗanda ba a taɓa zuba mai ko sabulu a cikinsu ba.

Gishirin Ada na Songor gishiri ne mai kyau a tukunya, amma wajen busar da shi yawancin kalsiyam da magnesiyam sun rabu da shi, kuma su ne murjani ke nema. Dole gishirin tanki na musamman, wanda ake shigowa da shi a bokiti. Lita guda tana cin giram 35 zuwa 40, ya danganta da kamfani. Ka zuba gishiri cikin ruwa, kada ka zuba ruwa kan gishiri, ka bar inji ya juya shi har ya washe, sannan ka auna. Lambar da ake nema 35 ce a ma'aunin kashi cikin dubu, wato 1.026 a ɗaya gefen na'urar. Bokiti mai kilo 20 zai cika maka tankin farko da kusan kilo 4, sauran ya kai ka wata tara idan kana canja lita 10 kowane mako. Ka riƙa rufe shi gam, laimar Accra na mayar da shi dunƙule.

Mataki na biyar: duwatsu da jira

Busasshen dutsen murjani da ake sayarwa don tanki, kilo 8 zuwa 10 ya isa. Marmara da dutsen da ake fasawa don gini ba su da wuri a nan. Ka jera su da ramuka da tudu, ka bar tazara tsakaninsu da gilashi yadda hannu zai shiga. Yashi ɗan kaɗan, kaurin yatsa biyu.

Sai ka cika ruwa, ka kunna injin kaɗawa, ka bar fitila a kashe, ka jefa guntun jatan lande ɗanye ya ruɓe. Ruɓewar za ta fitar da amoniya, wasu bakteriya su hayayyafa su mayar da ita naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret. Biyun farko guba ne, na ukun da sauƙi. Wannan yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Kana gwadawa sau biyu a mako har ka ga amoniya da naitirait sun hau sun sauko sifili. Sannan ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka fara kunna fitila a hankali.

Bayan nan tankin zai yi muni. Wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, daga baya koren gashi ya fito a duwatsu. Haka kowane sabon tanki ke yi, kada ka ruga neman magani. Katantanwar teku huɗu ko biyar, irin su Trochus, da gogar gilashi, da haƙuri, su ne maganinsa.

Mataki na shida: mazauna tankin

Kifi biyu sun isa: ma'auratan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, Amphiprion ocellaris, wanda aka haifa a tanki. Shuɗin kifin nan da ake kira blue tang, wanda yara ke nunawa suna so, yana girma ya kusa tsawon ƙafa guda, ba na lita 100 ba ne.

Murjani mai ƙashi kashi biyu ake raba shi a wannan harka. Akwai masu manyan baki da nama mai kauri, irin su Caulastrea, Duncanopsammia da Euphyllia, waɗanda ba sa bukatar haske mai tsanani kuma suna yafe ƙananan kurakurai. Da su ake farawa, bayan tanki ya yi wata biyu ko uku. Akwai kuma masu ƙananan baki da siraran rassa. A cikinsu Montipora da Seriatopora da Stylophora sun fi sauƙi, ana iya gwada su bayan wata shida. Acropora kuwa, wanda hotunansa ke jan hankalin kowa, ka bar shi sai tankinka ya shekara, kuma ya tsallake watan Maris ɗaya lafiya.

Gaɓar tekun Ghana ba ta da tsaunukan murjani na ruwa mara zurfi irin na Indunusiya ko Bahar Maliya, saboda laka da ruwan koguna irin su Volta, da kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku wajen Yuli zuwa Satumba. Ke nan duk abin da za ka saya shigowa aka yi da shi, ko wani ya yanko maka daga tankinsa. Duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda, kuma a nan Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ke kula da wannan. Kada ka sa ɗan'uwa ya cuso maka shi a akwati daga Jamus. Reshen da aka yanko daga tankin wani a cikin gari ya fi komai, tunda ya riga ya saba da zaman gilashi.

Idan ka kawo sabo, ka bar ledar ta yi iyo a tankin na minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita. Ka tsoma shi a maganin tsoma murjani gwargwadon yadda aka rubuta a kwalba, ka ɗauraye da ruwan tanki a wani kwano daban, ka duba ƙasansa da kyau ko akwai ƙwai ko 'yan tsutsotsi masu faɗi. Ruwan leda ba ya shiga tanki. Ka fara ajiye shi ƙasa inda haske bai da ƙarfi, bayan mako biyu ka ɗaga shi idan yana bukata. Sufa-gulu mai kauri ake liƙa shi da shi a dutse, ba ya cutarwa. Euphyllia na miƙo dogayen yatsu masu harbi da dare, ka ba shi tazarar taƙi guda daga maƙwabcinsa. Fitila awa 8 zuwa 10 a rana, a kan na'urar lokaci, kuma a watannin zafi ka karkatar da ita ta fara da la'asar ta kai dare, don kada zafinta ya haɗu da na tsakar rana.

Mataki na bakwai: abin da ƙashin ke ci

Murjani na girma, yana zuƙe alkaliniti da kalsiyam daga ruwa. Inda ake so su zauna: alkaliniti 7.5 zuwa 9 dKH (ma'aunin da ake auna ta da shi), kalsiyam 400 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan), magnesiyam 1250 zuwa 1350, naitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, su ma duk a ppm. A cikinsu alkaliniti ce ke saurin motsi, kuma motsinta ya fi lambarta muhimmanci. Tankin da ya zauna a 7.5 kullum ya fi wanda ke 9 yau, 7 jibi.

Da farko canjin lita 10 a mako zai mayar da abin da aka cinye. Lokacin da murjanin suka yi yawa ba zai isa ba. Ga yadda za ka gane: ka gwada alkaliniti kwana uku a jere, a lokaci ɗaya, ba ka zuba komai ba. A ce ka samu 8.3, sai 8.0, sai 7.7. Tankinka na cin 0.3 a rana ke nan. Giram ɗaya na bakin-soda tsantsa, wato sodiyam baikabonet, yana ɗaga lita 100 da kusan 0.33, saboda haka kusan giram ɗaya a rana za ka narkar a ruwan RO ka zuba a gaban injin kaɗawa, ka ɗan rage tunda duwatsu sun ci wani wurin ruwan. Ka lura, bakin-soda aka ce, ba bakin-foda ta yin kek ba. Kanwa ma kada ta shiga, duk da danginsu ɗaya, domin cike take da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba. Duk dKH ɗaya da aka cinye yana tafiya da kalsiyam kusan 7 ppm, ana mayar da shi da kalsiyam kilorait. Kada ka zuba su tare, za su haɗu su yi farin gari su kwanta. Ka raba su da awa guda. Kuma kada ka ɗaga alkaliniti fiye da 1 dKH a rana ko da ta faɗi ƙwarai.

Naitiret da fosfet ba a so su kai sifili. Ruwan da ya yi tsabta fiye da kima yana sa murjani ya koɗe.

Mataki na takwas: aikin yau da kullum

Fanka na sa ruwa ya ƙafe, lita biyu ko fiye a rana, a hunturu ma ya zarce. Ruwa ke tashi, gishiri yana nan. Lita biyu cikin ɗari na ɗaga gishiri daga 35 zuwa kusan 35.7, ka yi sakaci kwana uku ka kai 37. Ka liƙa tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, safe da yamma ka cika zuwa layin da ruwan RO mara gishiri. In da hali sayi injin da ke cikawa da kansa.

Kullum ka duba ma'aunin zafi, ka ba kifi abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sannan ka tsaya ka kalli murjanin. Caulastrea mai lafiya da rana yana kumbura, namansa ya rufe ƙashin ruf, da dare ya fito da 'yan yatsu kewaye da baki. Ka ɗiga masa ɗan nikakken jatan lande za ka ga bakin ya naɗe shi a hankali ya rufe. Yatsun Euphyllia su riƙa kaɗawa kamar ciyawa a iska mai laushi, idan sun kwanta gefe guda ruwan ya yi masa ƙarfi. Farin kan reshen Montipora ko Seriatopora alamar girma ce. Fari daga gindi yana hawa sama kuwa nama ne ke saɓulewa, maza ka gwada alkaliniti da zafi. Idan ka ga wani yauƙi mai ruwan ƙasa a kan Euphyllia, ka fitar da shi ka karye wannan kan ka yar tun bai kama sauran ba. Ɗigo-ɗigon shunayya mai tauri a duwatsu da gilashi alheri ne.

Akwai abubuwan gidanmu da littattafan waje ba sa ambata. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne mai tsanani ga kifi da halittun ruwa, a ɗakin da tanki yake gidan sauro za a rataya. Turaren wuta ma a kai shi wani ɗakin. Man kaɗanya, man shafawa, turare da sabulu duk ka ɗauraye su da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin ka tsoma hannu. Tagulla na kashe murjani ko da kaɗan ce, don haka ba kan famfo na tagulla, ba maganin kifi mai tagulla, kuma a ja wa yara kunne kan jefa tsabar kuɗi. Ƙurar hunturu na kwanciya a saman ruwa, murfin raga da yawan canza audugar tace ruwa, idan ka sa ta a tankin, za su rage ta.

Idan za ka yi tafiyar Sallah zuwa arewa, kada ka canja komai a makon tafiyar. Ka ƙulla abincin kifi na kowace rana a leda daban, ka ɓoye gwangwanin, domin mai tausayi ya fi mai mantuwa ɓarna. Ka jera jarkokin ruwan RO, ka nuna wa ƙaninka ko maƙwabcinka layin tef, da inda injin kumfa mai batir yake, da gorunan da ke firiza. Ka ce masa kowace la'asar ya turo maka hoton ma'aunin zafi ta WhatsApp, idan ya ga 29 ya jefa gora ɗaya ya kira ka.